Babi na 6: Takardar Gwajin Jini da Allurar Rigakafi

Darasi na 1: Karanta layi ɗaya

Ɗauko takardar gwajin jininka ka shimfiɗa ta a gabanka. Idan ba ka da ita, dubi wannan misali:

Hb   11.8   L   12.0 – 15.5

Ɗora yatsanka a farkon layin, daga hagu. Abu na farko sunan abin da aka auna ne. Hb shi ne hemogulobin, abin da ke sa jini ya yi ja, yake kuma kai iska ko'ina a jiki. Ja yatsa zuwa dama, sannu a hankali. Lambar da ka fara tararwa ita ce taka. Lambobi biyun da ke ƙarshe iyaka ne, ta ƙasa da ta sama. Harafin L na nufin lambarka ba ta kai iyakar ƙasa ba, H kuma ta haura ta sama. Wasu takardun kibiya suke sawa, wasu tauraro.

Yanzu dubi ɗan ɗigon da ke tsakanin 11 da 8. Ana karanta shi "sha ɗaya ɗigo takwas". Faɗa da ƙarfi. Sake faɗa. Madalla.

Na taɓa koyar da wata baiwar Allah da ta karanta wannan lamba "ɗari da sha takwas". Ta dafe ƙirji, ta ce jininta ya yi yawa, ba za ta yarda a yi mata rigakafi ba. Da muka sa yatsa tare, sai ga shi abin da ya raba ta da 12 bai kai ko ɗaya ba. Kada ka ji kunya idan kai ma ka yi wannan kuskure, kusan kowa da shi yake farawa. Yatsa a kan layi, ido a kan ɗigo.

Sake gwadawa da wannan:

PLT   142   L   150 – 450

PLT ƙananan ƙwayoyin jini ne masu taimakawa jini ya tsaya idan an ji rauni. Akwai ɗigo a 142? Babu. To karanta ta yadda take. Da wace iyaka za ka gwada ta? Da 150, wadda ke layinta. Ba da 12.0 ta layin sama ba. Idan yatsanka yana zamewa, ɗora wata takarda a ƙarƙashin layin ka rufe sauran. Koma kan Hb ka sake. Dawo kan PLT ka sake. Yatsa a kan layi, ido a kan ɗigo.

Darasi na 2: Harafin L ko H ba hukunci ba ne

Yawancin iyakokin nan ana samo su ne ta hanyar auna mutane masu lafiya da yawa, a ɗauki inda 95 cikin 100 suka faɗa. Ke nan mutum 5 cikin 100, lafiyarsu lau, za su ga harafi a takardarsu. Idan aka auna abu 20 a jinin mutum ɗaya, bai zama abin mamaki ba ɗaya ya ɗan kauce. Rashin shan ruwa isasshe ko aikin ƙarfi kafin gwaji ma suna motsa wasu lambobi. Iyakar ma ba ɗaya ba ce ga kowa: Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ƙarancin jini idan Hb ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu (10.5 idan cikin yana wata na huɗu zuwa na shida).

Yawancin alluran rigakafi ba a ma neman gwajin jini kafin a yi su. Ƙarancin jini kaɗan ba ya hana allura. Wannan ba ya nufin ka jefar da takardar. Kai wa likita ya gano dalilin harafin, wannan aiki ne daban.

Amma fa ina da ƙorafi. Makon da ya wuce na ce wa waɗanda nake koyarwa kowa ya karanta layi ɗaya, mutum uku suka sake tsallake ɗigo. Sau nawa zan faɗa? Wasunku kuma takardar suke ɗauka hoto su tura wa abokai a waya, wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba ya ce musu kada su kuskura su yarda a yi musu allura. Ma'aikacin lafiya za ka nuna wa, ba taron jama'a ba. Koma darasi na 1 ka karanta 11.8 sau biyar kafin ka wuce.

Darasi na 3: Abin da za ka faɗa kafin allura

Miƙa takardar, sannan ka faɗi gaskiya idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ka. Wata allura ta taɓa sa fuskarka ta kumbura ko numfashinka ya sarƙe. Kana fama da zazzaɓi mai zafi yau, domin akan ɗaga ranar har ka warke, amma mura kawai ba ta hanawa. Kina da ciki, ko garkuwar jikinka ta yi rauni sosai saboda ciwo ko maganin kansa, domin allurar ƙyanda da ta zazzaɓin shawara suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Kana shan maganin tsinka jini, ko PLT ɗinka ya yi ƙasa. A nan akan yi amfani da siririyar allura, ka danne wurin da auduga aƙalla minti 2, ba murzawa.

Darasi na 4: Bayan allura

Zauna a wurin minti 15. Ciwon hannu ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Idan numfashi ya yi wuya, kira ma'aikaci nan take.

Aiki: kwafi layi biyu daga takardarka, ka zagaye kowane ɗigo da biro.