Yadda Ake Nazarin Gajeren Labari

Karanta labarin sau biyu: na farko don ka san abin da ya faru, na biyu da alƙalami a hannu.

Fara da zubi, wato yadda aka jera abubuwan da suka faru a labarin. Ina rikicin ya ƙullu, ina ya yi tsanani, ina ya warware? Sannan ka dubi babban tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya. Daga nan jigo, wato babban saƙon labarin, yake fitowa, kuma a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, sai su taƙaita labarin su ce jigo ke nan. "Wani ya cuci amininsa, ya ƙare a tsiya" taƙaitawa ce. Jigon shi ne cin amana.

Adon harshe yana da alamominsa. In ka ga "kamar", "tamkar" ko "sai ka ce", kamantawa ce: "zuciyarsa kamar dutse". In aka ce "zuciyarsa dutse ce", siffantawa ke nan. "Yunwa ta shigo gidan ta zauna" mutuntarwa ce, domin an ba yunwa ɗabi'ar mutum. Kada ka tsaya ga ambaton sunan adon, faɗi aikin da ya yi a wurin. Kalmar "zauna" ita ta nuna cewa rashin ya daɗe a gidan, ba na kwana ɗaya ba ne.