Kurakuran da ke kashe turbo a motar da ta ci kilomita, da yadda ake gyara su

Ba kasafai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi, ke mutuwa don tsufa kawai ba. Yawanci abin da ya shiga cikinsa ko abin da aka hana shi ne ajalinsa. Hayaƙin salansa ne ke juya shi, sandar da ke tsakiyarsa kuma takan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, ba abin da ke raba ta da gogar ƙarfe sai ɗan siririn baƙin mai, wanda shi ne kuma ke ɗauke mata zafi. Don haka mai motar da ta haura kilomita 200,000, in dai da hannunsa yake yi mata hidima, daga wajen mai ya kamata ya fara bincikar kansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba mai mai kauri irin 20W-50, bisa hujjar cewa injin ya kwana biyu kuma garin akwai zafi. Bututun da ke kai wa turbo mai siriri ne ƙwarai, mai kauri kuwa yakan yi nawa kafin ya isa can da sassafe, alhali sandar ta riga ta fara juyawa. Abin yi shi ne a buɗe littafin motar a bi lambar da kamfani ya rubuta, yawanci 5W-30 ko 5W-40 na sintetik, wato man da aka haɗa da sinadarai a masana'anta, a kuma riƙa yin juye duk bayan kilomita 5,000 zuwa 7,000 tare da sauya filta, ko da littafin ya ba da tazarar da ta fi haka, domin cunkoso da ƙura suna gajiyar da mai da wuri. Injin 1.8T na Passat da Audi A4 ya yi ƙaurin suna a kan wannan: man da bai dace ba yakan daskare a cikinsa kamar kwalta, har sai da Volkswagen ya tsawaita garantin waɗannan motoci a Amurka a 2004. Duk wanda ya cire murfin mai ya ga baƙar dasƙararriyar dauɗa a ƙarƙashinsa, to ya sauke kaskon mai ya wanke ragar da famfo ke tsotso ta cikinta.

Akwai kuma ɗabi'ar taka totur da zarar an tayar da mota, da kashe ta nan take bayan doguwar tafiya. Injin na tsayawa mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikin turbo mai zafi sai ya ƙone ya toshe hanya. Direban da ya taso daga Kaduna ya iso Kano a guje, ya sassauta a kilomitocin ƙarshe, ko ya bar injin yana aiki minti ɗaya zuwa biyu kafin ya murɗe makulli.

Batun iska ba ya son ganganci, musamman lokacin hunturu. Bugun filtar iska a jikin taya ko hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardarta, ƙura ta wuce ta riƙa cin fukafukan turbo. Sabuwa ake sawa. A wannan lokacin yana da kyau a zare tiyon da ke shiga turbo, injin yana sanyi, a kama kan sandar da yatsu biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma in tana shiga tana fita, ko fukafukan sun fara taɓa bango, aiki ya zo. Tiyon da ya tsage ko ɗaurin da ya saki kan sa mota ta rasa ƙarfi tana fito, kuma sau da yawa akan ɗora wa turbo laifin da na tiyo ne.

Cire tamostat (na'urar da ke daidaita zafin inji) da haɗa fanka kai tsaye, wanda wasu kanikawa ke yi da sunan maganin zafi, yana hana injin kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan fetur. Ruwan rijiya a lagireto kuwa tsatsa da gishiri yake tarawa. Ruwan sanyaya inji na gaske ake zubawa.

Idan har ta kai ga sauya turbo, kada a ɗaura sabo a kan tsohon bututun mai, domin dauɗar da ta kashe na farko tana nan a ciki. A sauya bututun, a yi juye, a ɗiga mai a bakin shigarsa ana juya sandar da hannu, sannan a tayar da injin a bar shi yana aiki a tsaye na 'yan mintuna kafin a hau titi.