Kafin ka shiga Banex da kuɗinka: kurakuran sayen waya, caja da laftop

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Banex ko Emab a Wuse 2 da ke Abuja ya san yadda ciniki yake tafiya, mutum ya zo da sunan waya a bakinsa, ya duba kamara, ya shafa bayanta, ya yi ta ja-in-ja kan dubu biyar, ya biya ya kama gabansa. Abin da zai dame shi nan da wata uku kuwa ko tambaya bai yi ba.

Bari mu fara da caja don nan aka fi shan wahala. Mutane sun ɗauka tunda bakin Type-C ne kuma ya shiga, ai shikenan duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Bakin ne kawai iri ɗaya, abin da ke cikin igiyar daban. Igiyar da ba ta da ɗan cif a cikin kanta iyakarta wat 60, in kana son wat 100 don laftop sai wadda aka rubuta mata 5A ko 100W, akwai ma ta wat 240. Wata igiyar kuma caji kawai ta iya, in ka zo tura bidiyo zuwa kwamfuta sai ka ga tana rarrafe. Ko iPhone 15 da Apple ta fitar a 2023 da Type-C, ƙaramar tana tura kaya ne da saurin USB 2 na da can, Pro ɗin ce mai saurin gaske. Sannan kan caja ma da yarensa: na Infinix ko Oppo mai saurin nan, in ka sa wa Samsung zai yi caji amma ba lallai da saurin da aka rubuta a jikinsa ba, don kowane kamfani da tsarinsa. Gyaran shi ne ka nemi kan da aka rubuta PD a jiki, wato tsarin caji mai sauri na gama-gari, in Samsung ce da kai a haɗa da ƙarin tsarin da ake kira PPS, ka karanta wat ɗin, kuma ka sa a jona maka a shagon ka ga me wayar ta nuna. Cajar ɗari biyar ɗin da ake talla a go-slow ɗin Mararaba ka bar musu kayansu, kuɗin gyaran wajen caji ya ninka abin da ka rage.

A nan dai ni ina ganin laifin kamfanoni ya fi na mai saye. Sai da Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga ƙarshen Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta dole ta zo da Type-C sannan aka daidaita bakin, amma har yau igiyoyi da yawa ba a rubuta ƙarfinsu a jiki. To talaka ya yi duba ne?

Sai laftop ɗin tokumbo. Mutum ya hango sitikar Core i7, wato sunan furosesan Intel da ke ciki, sai jikinsa ya hau rawa, bai san i7 ɗin 2013 ce ba. Lambar da ke bayan sunan ita ce magana: i7-4600U zubi na 4 ce, i5-8250U zubi na 8, kuma i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani abin kuma, Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida tana son Intel zubi na 8 zuwa sama da abin tsaron nan TPM 2.0. Eh masu gyara sun iya cusa ta ta bayan fage, amma kamfanin bai yi maka alkawarin ofdet ba. In kuɗinka bai kai ba, gara i5 zubi na 8 mai SSD (ma'ajiya mai sauri) da RAM 8GB da tsohuwar i7 mai had dis.

Maganar 5G kuma ruɗani biyu ne. Na farko, a sayi waya mai 5G da tsada a zaci sabis zai zama walƙiya ko'ina. MTN ta fara 5G a 2022, Abuja na cikin garuruwan farko, Airtel ta biyo a 2023, amma ba kowace unguwa ya kai ba kuma bango yana rage masa ƙarfi sosai. Ka fara tambayar maƙwabcinka mai irin wayar me yake gani a falonsa. Ka kuma duba ko wayar tana da n78, shi ne layin 3.5GHz da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjonsa a Disamba 2021. Na biyu, 5G ɗin da kake gani a ƙarshen sunan Wi-Fi na rauta ba shi ba ne, wancan 5GHz ne. Ya fi ɗaya layin Wi-Fi ɗin, wato 2.4GHz, sauri amma ba ya nisa, in rautar tana falo kai kana ɗakin baya ka koma 2.4 kawai.

Masu iPhone ta hannu, ku buɗe ido. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka daga 14 zuwa sama ba ta da gidan sim, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a wayar ba tare da kati ba. Ka danna *#06# ka gwada IMEI, wato lambar shaidar wayar, da na cikin setin, ka shiga About ka ga an rubuta babu takunkumin sim, ka duba lafiyar batir, in ta yi ƙasa da kashi 80 ka sa kuɗin canji a lissafi. Uwa uba a goge wayar gaba ɗaya a gabanka ka shiga da iCloud ɗinka kafin ka yi transfa. "Oga zan turo maka faswod da yamma" ba magana ba ce.

Abin da kusan ba wanda yake tambaya shi ne shekara nawa kamfani zai ci gaba da turo ofdet. Samsung ta yi alkawarin shekara 7 a Galaxy S24, Google ma haka a Pixel 8, amma wayoyin da yawancinmu ke iya saye ba su kusa da haka, alhali a cikinsu manhajar bankinmu take. Ba daidai ba ne a ce tsaro sai mai kuɗi, amma kafin su gyara hali kai dai ka bincika kafin ka biya.

Rasit kuma, don Allah. Mutum ya karɓi ragin dubu uku ya tafi ba takarda, in sikirin ya ɗauke bayan sati biyu sai rantse-rantse. A rubuta maka sunan shago, kwanan wata, IMEI ko siriyal da kwanakin garanti, ka ɗauki hotonsa don tawadar tana gogewa. Sabuwar Tecno, Infinix ko itel in ta samu matsala Carlcare, cibiyar gyaransu, za ka kai, kar ka bari wani ya fara buɗe ta, da an buɗe garanti ya tashi. Rubutun nan na cewa kaya in ya fita ba ya dawowa bai fi ƙarfin dokar kare masu saye ta 2018 ba, in kaya ya zo da aibi kana iya kai ƙara hukumar kare masu saye ta FCCPC. In kuma data ce ke zurarewa ko an cire maka kuɗi ba dalili, ka fara kai kuka ga kamfanin layinka ka karɓi lambar ƙorafi, in sun yi biris ka kira NCC a 622, kyauta ne.