Ɗauki muryarka kafin intabiyun MBA

Masu shirin intabiyun shiga MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, ku gwada wannan. Ku ɗauki muryarku a waya kuna amsa tambayar "Me ya sa kake son karatun kasuwanci?" Minti 2 kacal, sannan ku saurara.

Haka na yi a ɗakina a Samaru. Kunne yana kama abin da baki bai sani ba: kame-kame, da zance babu adadi ko ɗaya. Sai na shigo da labarin shagonmu na hatsi a Sabon Gari, buhu nawa muke sayarwa a wata, da yadda bashi ya kusa cinye jarin. Malamai sun fi son jin kasuwancin da ka taɓa da hannunka.

Amma don Allah kar ku haddace. Da zarar an juya tambayar, mai hadda sai ya tsaya cak.