Yadda Nake Tantance Waƙar Kantiri ta Asali

A shagon ɗinkina da ke Sakkwato, kaset ɗin Don Williams, mawaƙin kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, nake sawa tun ina yaron shago. Rannan ƙanena ya kunna mini wata sabuwar waƙa a waya, wai kantiri ce. Na ce masa, "Ɗan'uwa, zauna in koya maka saurare."

Fara kasa kunne ga kayan kiɗa. Nemi goge irin na Turawa, da banjo mai kama da gurminmu, da gitar nan mai ƙarar kuka da ake goga wa ƙarfe. In gangar kwamfuta kawai ka ji tana dukan kunne, an yi maka gauraye, kamar yadda fiyano ya kori kalangu a gidajen bikinmu.

Sannan bi labarin. Ta asali tana ɗauke da mutum guda da damuwarsa, bashi ko rabuwa.

Amma kada ka ɗora wa yaran yanzu laifi duka. Tun ƙarshen shekarun 1950 masu shirya waƙa a Nashbil ta Amurka suka fara rage goge don jawo masoya pop, wato waƙar zamani da ake yayi.

Ƙanena dai bai yarda ba, ya mayar da abin kunnensa.