Yadda Ake Fahimtar Kalmar "Parlous" da Yin Amfani da Ita

Idan ka ci karo da kalmar "parlous" a rubutun Turanci, fara da raba ta da "parlour", wadda daga gare ta muka samo "falo", domin kama kawai suka yi. "Parlour" ta samo asali ne daga kalmar Faransanci "parler", wato yin magana, ita kuwa "parlous" sifa ce ta abin da ke tattare da haɗari, ko halin da ya taɓarɓare har ana fargabar abin da zai biyo baya.

Daga nan sai ka rubuta ta kusa da "perilous", ka dube su da kyau, za ka ga ai kalma ɗaya ce. Wajen ƙarni na 14 ne mutanen Ingila suka riƙa haɗiye wasalin "i" na tsakiya, sautin "er" kuma ya koma "ar", sauyin da ya fitar da "parson" daga "person", wanda kuma ya sa har gobe Turawan Ingila ke rubuta Derby amma suna furta "Dabi". Ita "perilous" ta shigo ne ta tsohon Faransanci daga kalmar Latin "periculum", wadda da fari take nufin gwaji, kafin ma'anarta ta karkata ga haɗarin da mai gwaji yake jefa kansa ciki.

Wajen amfani, ka ajiye ta don bayyana hali ko yanayi. Tafiya cikin teku mai haɗari "perilous" ce, amma kamfanin da bashi ya yi wa katutu, ma'aikata suna jiran albashi wata da watanni, shi ne ake cewa yana cikin "parlous state". Wannan haɗi tsoho ne, domin a wasan Shakespeare mai suna As You Like It, wawan fada mai suna Touchstone ya tsokani wani makiyayi da cewa yana cikin "a parlous state". A ganina kalmar ta fi dacewa da rubutu na tsanaki. A hira, sai a ɗauka ƙwalisa kake yi.

Ka yi hattara da tsofaffin littattafai. A wasan Shakespeare mai suna Richard III an kira wani ɗan sarki "parlous boy", kuma abin nufi shi ne yaro mai wayon tsiya da kaifin baki, irin wanda manya ke shakkar maganarsa.