Yadda za ka sha yawo a dajin kan tsauni

In za ka hau dajin kan tsauni don Allah ka fara duba takalmi. Kar ka saka sabo fil, zai ci maka ƙafa tun ba a je ko'ina ba, wanda ka saba da shi mai kaushin ƙasa ya fi, don jiƙaƙƙen ganye a kan dutse santsi gare shi kamar sabulu.

Sai rigar sanyi, ko da ana rana ka fito. Duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga zufa ta jiƙa maka baya, kana zama hutawa iska ta buso sai ka ji haƙoranka na haɗuwa.

Ka yi sammako, lokacin tsuntsaye na ta kuka hazo na kwance cikin kwari, wallahi ganin nan kaɗai ya isa. Sauke taswira a waya tun daga gida saboda netwok na ɗaukewa, kuma ka faɗa wa wani inda za ka. Ruwan rafi komai kyansa sai an tafasa. In hadari ya haɗo ka sauko daga ƙololuwa, kar ka fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, tsawa na son irin ta.